Yadda Ake Sake Ɗora Babbar Manhaja Bayan An Sauya Faifan Ajiyar Kwamfuta: Darasi ga Makarantun Gaya da Ajingi

Gabatarwa

Tarihin baka na ƙasar Kano ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya suka fara zuwa gindin dutsen Dala domin neman tama, kuma zuriyarsu ce aka sani da Abagayawa. Ke nan sarrafa kayan aiki da gyara su ba baƙon abu ba ne a wannan yanki na gabashin Kano. Abin da ya sauya shi ne irin kayan. A yau kwamfuta ta shiga ofisoshin makarantu da sakatariyar ƙananan hukumomi da shagunan buga takardu. Tun daga shekarar 2015, hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta neman shiga jami'a kan kwamfuta gaba ɗaya. Saboda haka ɗalibin Gaya ko Ajingi da bai saba da kwamfuta ba zai shiga ɗakin jarrabawa da nauyi biyu, watau nauyin tambayoyi da kuma nauyin na'urar da zai amsa su a kanta.

A ƙaddara wata makarantar sakandare a ƙaramar hukumar Ajingi tana da kwamfutoci biyar. Ɗaya daga cikinsu ita ce malamin jarrabawa yake adana makin ɗalibai a ciki, kuma a kanta 'yan ajin ƙarshe suke gwajin amsa tambayoyi. Wata safiya aka kunna ta, sai aka ji tana ƙas-ƙas daga ciki, fuskarta kuma ta tsaya baƙa ƙirin. Mai gyara ya duba ya ce faifan ajiya ne ya mutu. Malamin ya tafi birnin Kano, ya sayo sabo a shagunan titin Beirut, aka ɗaura shi, aka kunna. Maimakon ta tashi, sai ta rubuta 'yan kalmomin Ingilishi da ke nufin ba ta sami abin da za ta tashi da shi ba. Nan take malamin ya ɗauka an cuce shi.

Ba a cuce shi ba. Sabon faifai fanko yake zuwa, tamkar sabon rumbu da ba a zuba masa ko ƙwayar gero ba. Wannan darasi zai bayyana dalilin haka, sa'an nan ya bi matakan da ake bi har kwamfuta ta koma bakin aiki.

Sassa Huɗu da Ya Kamata a Sani

Na farko shi ne furosesa, watau ɓangaren da ke yin lissafi da zartar da umarni. Yana da matuƙar sauri, amma ba ya adana komai na dindindin.

Na biyu shi ne ram, wato ma'ajiyar wucin gadi. Misalinsa kamar allon aji ne. Ana rubuta aikin da ake kai a kansa, da zarar an ɗauke wuta kuwa sai a wayi gari an goge shi tas.

Na uku shi ne faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis. Shi ne ma'ajiyar dindindin, inda takardu da hotuna da manhajoji suke zama ko da an kashe kwamfuta shekara guda.

Na huɗu shi ne babban allon kwamfuta, wanda ake kira madabod, inda sauran sassan duk suke haɗuwa. A jikinsa akwai wani ɗan guntu mai ɗauke da ƙaramar manhaja da ake kira BIOS, ko UEFI a kwamfutocin zamani. Wannan ƙaramar manhaja ba a cikin faifai take ba, shi ya sa kwamfuta ke iya nuna tambarin kamfaninta ko da an cire faifan baki ɗaya.

Idan aka danna makunni, BIOS ce ke fara farkawa. Za ta duba ram da madannai da sauran sassa, daga nan ta bi jerin wuraren da aka tsara mata tana neman umarnin tashi. In ta same shi a faifai, sai ta miƙa masa ragama, shi kuma ya kwaso babbar manhaja ya zuba ta a ram. In ba ta same shi ba, iyakar aikinta ke nan. Abin da ya faru da kwamfutar malamin jarrabawa ke nan.

Yadda Faifan Ajiya Yake Aiki

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da faifan ajiya na farko a shekarar 1956. Ya ƙunshi faya-fayai 50, kowanne faɗinsa inci 24, kuma duk da girmansa bai ɗauki fiye da haruffa kimanin miliyan 5 ba. A 1980 aka sami wanda faɗinsa inci 5.25 ne, mai ɗaukar megabait 5. A yau faifan da bai wuce tafin hannu ba yana ɗaukar gigabait 500 ko terabait 1, watau ninkin na 1980 sau dubu ɗari ko dubu ɗari biyu.

A cikin irin wannan faifai akwai faranti mai sheƙi wanda aka shafe da sinadari mai karɓar maganaɗisu. Wani ɗan injin yana juya farantin sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, wato sau 90 ko 120 a daƙiƙa ɗaya. A samansa akwai hannu siriri mai ɗauke da kan karatu da rubutu. Wannan kai ba ya taɓa farantin. Iskar da juyin ke haifarwa ce ke ɗaga shi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi kaurin gashin mutum ƙanƙanta sau dubbai. Da wannan za a fahimci dalilin da ya sa girgiza take da haɗari. Idan kwamfutar cinya ta faɗi tana cikin aiki, kan yana iya dukan farantin ya kankare shi, kuma abin da ke rubuce a wurin ya tafi ke nan.

Akwai wani nau'in ma'ajiya da ake kira SSD. Ba shi da faranti ko injin da ke juyawa. Yana adana bayanai ne a cikin guntayen lantarki irin na filash, fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan cikin shekarun 1980. SSD ya ninka faifai mai faranti sauri, ba ya ƙara, kuma ya fi jure girgizar hanya. Sai dai shi ma yana mutuwa, kuma sau da yawa ba ya yin sallama kafin ya mutu.

Abubuwa uku ne suka fi gajarta ran faifai a yanki irin na Gaya da Ajingi. Na farko zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, cikin kwamfuta kuwa ya fi waje zafi. Na biyu ƙurar hunturu. Ƙurar ba ta cika shiga cikin faifan kansa ba, domin a rufe yake, amma tana toshe fanka da ƙofofin iska, sai zafi ya taru. Na uku rashin daidaiton wuta. Ɗaukewar wuta a lokacin da ake rubutu a faifai tana lalata fayil, hauhawar ƙarfinta kuma, musamman daga ƙaramin janareta, tana iya ƙona allon lantarkin da ke jikin faifan.

Faifai mai faranti yakan ba da alamu kafin ya mutu: ƙara mai maimaituwa, nauyi wajen buɗe fayil, daskarewar kwamfuta, da takardun da ke ƙin buɗuwa. Haka kuma faya-fayan zamani suna da tsarin duba lafiyar kansu mai suna SMART, wanda kan sa kwamfuta ta yi gargaɗi a lokacin tashi. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, aikinsa na farko shi ne ya kwashe muhimman takardunsa a ranar, ba gobe ba.

Mece ce Babbar Manhaja?

Babbar manhaja ita ce mai shiga tsakanin mutum da ƙarfen kwamfuta. Ita ke raba wa kowace manhaja lokacin furosesa da gurbi a ram, ita ke tsara fayiloli a faifai, ita ke karɓar abin da aka danna ta nuna shi a fuska. Matsayinta kamar na shugaban makaranta ne, wanda ba shi ke koyar da kowane darasi ba, amma in babu shi babu jadawali, babu wanda ya san ajin da zai shiga.

Wadda aka fi sani a Nijeriya ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Kafin ita akwai MS-DOS ta shekarar 1981, wadda sai an rubuta mata umarni harafi bayan harafi. Windows 10 ta fito a 2015, Windows 11 kuma a watan Oktoba na 2021. Akwai kuma Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Kyauta ce, kuma daga gare ta aka gina ire-iren su Ubuntu, wadda ta fito a 2004, da Linux Mint.

Zaɓi tsakanin waɗannan ba na sha'awa ba ne kawai. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin da ta saba bai wa Windows 10, kamar yadda ta yi wa Windows 7 a Janairun 2020. Manhajar da aka daina tallafa wa tana ci gaba da aiki, amma ba a ƙara toshe mata kafofin da masu kutse ke ganowa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa: ram aƙalla gigabait 4, faifai aƙalla gigabait 64, tsarin UEFI, guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesa wanda galibi bai girmi shekarar 2017 ba. Tsofaffin kwamfutoci da yawa da ake sayowa na hannu ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Ga irinsu, Linux Mint ko Ubuntu mafita ce mai kyau, domin suna zuwa da manhajar shiga intanet, kuma manhajar rubutu da lissafi ta LibreOffice tana aiki a kansu kyauta. Sai dai kafin a yanke shawara, a tabbatar cewa manhajar gwajin jarrabawar da makaranta ke amfani da ita za ta yi aiki a kan wadda aka zaɓa, domin da yawansu don Windows kaɗai aka rubuta su.

Shiri Kafin a Ɗauki Sukudireba

Tun ran gini ran zane. Abubuwa shida ake tanada.

Na ɗaya, kwafin takardu. In tsohon faifai yana da sauran numfashi, a kwashe duk abin da ake bukata zuwa filash ko faifan waje. A fara da abin da ba a iya sake samu, kamar makin ɗalibai da rajista, kafin a zo kan hotuna da bidiyo.

Na biyu, faifan da ya dace. Kwamfutar tebur takan ɗauki mai inci 3.5, ta cinya kuma mai inci 2.5, dukansu da mahaɗin da ake kira SATA. Sababbin kwamfutocin cinya suna amfani da wani siririn SSD mai suna M.2, wanda tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Shi ma iri biyu ne, akwai na SATA akwai na NVMe, kuma ba kowane gurbi ne ke karɓar duka biyun ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta sunan kwamfutar da lambar samfurinta, ko a tafi kasuwa da tsohon faifan.

Na uku, filash mai aƙalla gigabait 8 wanda babu abin bukata a cikinsa, domin za a goge shi.

Na huɗu, wata kwamfuta mai lafiya da intanet. A kanta za a sauko da babbar manhajar daga shafin masu ita. Microsoft tana da manhajar da ke shirya filash ɗin ɗora Windows, akwai kuma wata ta kyauta mai suna Rufus wadda ke shirya na Windows da na Linux. Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5, saboda haka a yi lissafin data, a kuma nemi wurin da sabis yake da ƙarfi. Ya kamata a lura cewa kwafe fayil ɗin a jefa shi cikin filash kamar yadda ake jefa hoto ba ya wadatarwa. Dole sai an shirya filash ɗin ta yadda BIOS za ta ga umarnin tashi a cikinsa. Filash ɗaya da aka shirya ya isa makarantu da dama su yi ta aro.

Na biyar, batun lasisi. Tun daga Windows 8 ta shekarar 2012, kamfanoni sukan dasa lambar lasisi a cikin madabod. Haka nan kwamfutar da aka taɓa tabbatar wa Windows 10 ko 11 tana da lasisin da ke ɗaure da madabod ɗinta. Sauya faifai ba ya taɓa wannan lasisi, da zarar an hau intanet zai dawo da kansa, muddin an ɗora irin bugun da ke kai a da, watau Home a madadin Home, Pro a madadin Pro. Tsofaffin kwamfutoci na zamanin Windows 7 suna da takarda manne a jiki mai haruffa da lambobi 25, amma tun watan Satumba na 2023 wannan lamba ta daina buɗe Windows 10 ko 11 a sabuwar ɗorawa. A guji kwafin sata da ake sayarwa da arha, domin sau da yawa ana cusa masa muguwar manhaja mai satar bayanai.

Na shida, wuta tsayayya. Aikin yakan ci daga rabin awa zuwa awa biyu. In kwamfutar cinya ce, a cika batirinta. In ta tebur ce, a haɗa ta da UPS ko wutar sola mai batir. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, sai an koma farko.

Sauya Faifan

A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta, a cire batir in mai ciruwa ne, sa'an nan a danne makunni na 'yan daƙiƙu domin sauran wutar da ke ciki ta fita.

A nan akwai wani haɗari da ba a gani da ido. Kowa ya san tartsatsin da kan fito idan mutum ya cire rigar sanyi a daren hunturu. Wannan lantarki ne da ke taruwa a jiki saboda gogayya, kuma busasshiyar iska tana ƙara shi. Abin da mutum zai ji kamar ɗan tsinke ya isa ya kashe guntun lantarki. Don haka kafin a taɓa cikin kwamfuta, a taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa, kamar famfon ƙarfe, a riƙa kuma taɓa gangar ƙarfen kwamfutar lokaci-lokaci. A yi aikin a kan teburin katako, ba a kan darduma ko bargo ba. A riƙe faifai ta gefensa, kada a taɓa allon lantarkinsa.

A kwance kusoshi a jera su a faranti bisa tsarin da aka cire su. A kwamfutar tebur wayoyi biyu ne ke shiga faifai, siririya ta bayanai da mai faɗi ta wuta. Kowacce fuska ɗaya take shiga, saboda haka in ta ƙi, a juya ta, kada a tilasta. Tunda an riga an buɗe, a yi amfani da damar a kakkaɓe ƙurar fanka da busasshen buroshi mai laushi. In akwai faifai na biyu mai ɗauke da takardu a cikin kwamfutar, a zare wayarsa har sai an gama ɗorawa, domin kada a goge shi bisa kuskure.

Matakan Ɗorawa

Mataki na farko shi ne a tabbatar kwamfuta ta ga sabon faifan. A kunna ta a shiga BIOS. Madannin shiga ya bambanta: a kwamfutocin HP galibi F10 ne, a Dell F2, a Lenovo F1 ko F2. In sunan faifan da girmansa sun bayyana, an haɗa daidai. In ba su bayyana ba, a kashe a sake duba mahaɗin. A nan kuma a duba kwanan wata da agogo. In kullum suna komawa baya, ɗan batirin madabod mai kama da kwabo, mai lamba CR2032, shi ne ya ƙare.

Mataki na biyu, a soka filash a sake kunnawa, a buɗe jerin wuraren tashi. A HP madannin F9 ne, a Dell da Lenovo F12. A zaɓi filash. In sunansa ya fito sau biyu, a zaɓi wanda aka rubuta UEFI a gabansa.

Mataki na uku, a zaɓi harshe da tsarin madannai. Idan aka nemi lambar lasisi, akwai wurin da za a danna a nuna cewa babu ita a yanzu. Daga nan a zaɓi bugun da ya dace da lasisin kwamfutar.

Mataki na huɗu shi ne mafi muhimmanci. Za a tambaya ko sabunta tsohuwar manhaja ake so ko sabuwar ɗorawa. Tunda faifan fanko ne, sabuwar ɗorawa za a zaɓa. Sai a nuna faifan a matsayin fili wanda ba a raba ba. Raba faifai kamar yanka gona ne zuwa fuloti-fuloti, kowanne da iyakarsa. Tsohon tsarin rabo mai suna MBR ba ya wuce manyan kaso huɗu, kuma ba ya iya amfani da abin da ya haura terabait 2. Sabon tsari mai suna GPT, wanda ke tafiya da UEFI, yana ba da dama har kaso 128 a Windows. Mai koyo ba ya bukatar ya yi rabon da hannunsa. Ya zaɓi filin ya ci gaba, manhajar za ta yanka ƙananan kason da take bukata da kanta. Wanda ke son ya ware kaso na biyu domin takardu yana iya yi, amma ya sani cewa kaso biyu a faifai ɗaya ba kariya ba ce daga mutuwar faifan. In ya mutu, da duka biyun zai tafi.

A wannan wuri ne ɗalibai kan lura cewa faifan da aka rubuta wa gigabait 500 ya nuna kimanin 465 kawai. Ba a rage komai ba. Masu ƙera faifai suna ƙirga gigabait ɗaya a matsayin bait 1,000,000,000, ita kuwa Windows tana ƙirga shi a matsayin 1,024 sau 1,024 sau 1,024, watau bait 1,073,741,824. Mudu ne ya bambanta, hatsin yana nan yadda yake.

Mataki na biyar, a bar kwamfuta ta kwafe fayiloli. Za ta mutu ta tashi da kanta sau da dama, kuma wannan ba matsala ba ce. In bayan tashin farko ta koma shafin farko na ɗorawa, alama ce ta sake tashi daga filash, sai a zare shi a sake kunnawa.

Mataki na shida, saitin farko: ƙasa, sunan mai amfani, da kalmar sirri. Windows 11 takan nemi intanet da asusun Microsoft a wannan mataki, don haka a tanadi wayar da za ta ba da intanet. Ga kwamfutar makaranta, ya fi kyau a buɗe asusun da sunan makaranta, a rubuta kalmar sirrin a ajiye a ofishin shugaba, domin malamai suna samun sauyin wurin aiki.

Matakan ɗora Ubuntu ko Linux Mint ba su da nisa da waɗannan. Suna ma da wata fa'ida, wato ana iya gwada su daga filash kafin a ɗora, a ga ko sauti da intanet suna aiki.

Bayan An Gama

Fitowar fuskar Windows ba ita ce ƙarshen aiki ba. Kowane ɓangare na kwamfuta, kamar na sauti da na hoto da na intanet da firinta, yana bukatar wata 'yar manhaja da ake kira direba, wadda ke yi masa tafinta da babbar manhaja. Yawancinsu suna saukowa da kansu idan aka bar Windows ta sabunta kanta. Wanda ya rage a nemo shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Direban intanet shi ne ya fi kyau a tanada a filash tun da farko, domin in babu shi babu hanyar sauko da sauran.

Daga nan a daidaita agogo da lokacin Nijeriya, domin shafukan intanet da yawa suna ƙin buɗuwa in kwanan wata bai yi daidai ba. A ƙara tsarin madannai na Hausa, wanda Windows take da shi, domin a sami damar rubuta ɓ da ɗ da ƙ yadda ya kamata. A buɗe wa ɗalibai asusu na daban wanda ba shi da ikon ɗora manhaja ko sauya saiti. Sa'an nan a mayar da takardun da aka kwafa, bayan an bincike su da manhajar tsaro.

Makomar Tsohon Faifai

Kada a yi hanzarin jefar da shi. Wani lokaci ɓangaren da babbar manhaja take ne kaɗai ya lalace, takardu kuwa suna nan. Akwai ɗan akwati ko waya da ke haɗa faifan SATA da kafar USB, sai a karanta shi kamar filash. Amma in yana ƙas-ƙas, kowace kunnawa ƙara masa rauni take yi. Kada kuma a buɗe murfinsa, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar da ke tsakanin kai da faranti girma nesa ba kusa ba.

Faifan makaranta yana ɗauke da sunayen yara da hotunansu da sakamakonsu. Wannan amana ce, kuma dokar kare bayanai ta Nijeriya ta shekarar 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Goge fayil ta hanyar da aka saba ba ya kawar da shi daga faranti, sunansa kawai ake cirewa daga jeri. Saboda haka faifan da za a rabu da shi, a shafe shi da manhajar da ke rubutu a kan kowane gurbi, in kuwa ya mutu, a huda shi ko a farfasa farantin kafin a bai wa 'yan gwangwan.

Kammalawa

Sabon faifai ana sayensa, babbar manhaja ana sake ɗora ta cikin awa biyu, amma makin zango guda da ya tafi da tsohon faifai babu kasuwar da ake sayar da shi. Masana sun ba da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi uku na duk muhimmin abu, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Manomi mai hankali ba ya tara irin shukarsa duka a rumbu ɗaya. Ga makaranta, wannan na nufin kwafi a kwamfuta, kwafi a filash da ke ofishin shugaba, da kwafi a intanet ko a takarda, kuma a ware rana guda a mako domin sabunta su.

Aikin da aka bayyana a nan bai fi ƙarfin ɗalibin babbar sakandare ba in malami yana kusa. Makarantar da ke da matacciyar kwamfuta a sito tana da kayan gwaji a hannu. Ɗalibin da ya iya wannan ya rage wa makarantarsa kuɗin mota zuwa birni, ya sami sana'ar hannu, ya kuma ɗora harsashin karatun kimiyyar kwamfuta, wanda ake yi a nan kusa, a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, maƙwabciyar Gaya.

Tambayoyin Bita

1. Me ya sa kwamfuta ke nuna tambarin kamfaninta ko da babu faifai a cikinta?

2. Faifai yana juyawa sau 7,200 a minti ɗaya. Sau nawa zai juya a darasi mai tsawon minti 40?

3. An rubuta wa faifai terabait 1, watau bait 1,000,000,000,000. Gigabait nawa Windows za ta nuna?

4. Bayyana dalilin da ya sa buɗe kwamfuta a lokacin hunturu ke bukatar ƙarin kula.

5. Wani malami ya raba faifansa kaso biyu, ya ajiye kwafin takardunsa a kaso na biyu. Daga wane haɗari ya tsira, wanne ne kuma bai tsira daga gare shi ba?